Ko Daidai Ne Mai Wa'azi Ya Yi Shiru Domin Muryarsa?

Abin karantawa kafin taro: Luka 1:5-25 da 57-66, 2 Sarakuna 5:1-14.

Darasin wannan mako ya fito daga wata tambaya da wani mai bishara ya kawo gaban dattawan ikilisiyarsu. Ba za mu faɗi sunansa ba, gama akwai irinsa a kusan kowace gunduma. Mutum ne mai shekara hamsin da ɗoriya. Ran Lahadi ya kan yi wa'azi sau biyu, shi ne kuma mai ba da waƙa, domin ba wanda ya kai shi murya. Tsakiyar mako ya kan hau kekensa ya bi kasuwannin ƙauye uku, ya tsaya kusa da 'yan hatsi inda hayaniya ta fi yawa, ya ɗaga murya har ta danne ta masu ciniki. Shekara ashirin ya yi a kan haka. Da hunturun wata shekara muryarsa ta dishe kamar yadda ta saba, amma wannan karo ba ta komo ba. Da safe ta kan ɗan fito, kafin azahar ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa. Ya sha citta da zuma da lemun tsami, ya tsotsi kanumfari, aka ɗibiya masa hannu aka yi addu'a. Bayan wata biyar matarsa ta matsa masa, ya tafi babban asibiti.

Likita ya leƙa maƙogwaronsa, ya ce ba ciwon daji ba ne, kanta ce ta fito, ba kuwa a bukatar wuƙa. Amma sai ya bar wa'azin kasuwa da ba da waƙa har wata uku, ya riƙa zuwa wurin wata ma'aikaciya wadda aikinta shi ne koya wa mutane yadda za su yi amfani da muryarsu. Ya je sau ɗaya, ya komo da kunya. Ya ce da dattawa, "Ta ba ni ɗan bututu da kwalbar ruwa, wai in riƙa hurawa kamar yaro. Yarinya ce, na haife ta. Ni da na yi shekara ashirin ina shelar Maganar Allah, yau za a koya mini magana? In na yi shiru wata uku, wa zai amsa a kan rayukan da ke kasuwa?"

Wani dattijo ya ce soja ba ya barin bakin dāga domin ƙaya ta soke shi. Wani ya ce wanda ya ba da muryar shi zai maido ta, a ci gaba da addu'a kaɗai. Na uku bai ce kome ba a taron, amma daga baya aka ji yana tambaya ko ba wani zunubi a ɓoye da ya sa Allah ya rufe bakin bawansa, kamar Zakariya. Dukansu uku masu tsoron Allah ne, kowannensu kuwa yana da aya a hannu. Saboda haka tambayar ta isa a zauna a kanta.

Mu fara da sanin abin da mu ke magana a kai. Sa yatsa a kan zakaran wuyanka, ka ce "aaa". Karkarwar da ka ji tana fitowa daga wasu 'yan leɓuna biyu na nama da ke kwance a bayan wannan guringuntsi, a bakin hanyar iska. Tsawonsu a namiji babba wajen santimita 2 ne, a mace kuwa ba su kai haka ba. Sa'ad da mutum ya ke numfashi su kan buɗe. Sa'ad da zai yi magana su kan matso su haɗu, iska daga huhu ta bi tsakaninsu kamar daga zugazugin maƙeri, su yi ta buɗewa da rufewa, kamar yadda ɗan karan bakin algaita ya ke yi. A maganar namiji su kan haɗu fiye da sau 100 cikin daƙiƙa ɗaya, a ta mace wajen sau 200. Ku auna sau nawa ke nan cikin wa'azin sa'a guda. Baki da harshe da hanci su ne su ke mai da wannan ƙara ta zama kalmomi.

Mutane sun daɗe suna magana da waƙa ba su ga wannan abu yana aiki ba. A shekara ta 1854 wani malamin waƙa mutumin Sifen, Manuel García, ya ɗauki ɗan madubin masu gyaran haƙori ya sa a can cikin bakinsa, ya riƙe wani madubi a hannu, ya karkata hasken rana, ya ga leɓunan muryarsa suna buɗewa suna rufewa. Gani ya kori ji. Daga nan likitoci suka ɗauki dabarar. Yau ana zura ɗan siririn bututu mai fitila ta hanci, har mara lafiya ma ya ga maƙogwaronsa a allo.

Mu da mu ke aikin juya Littafi mun sha cin karo da wata kalmar Ibrananci, nefesh. Galibi a kan juya ta da "rai". Amma a wasu wurare ma'anarta maƙogwaro ce, ko wuya. A farkon Zabura 69, inda mai zabura ya ke kukan ruwa ya kusa shanye shi, ruwan ya kai ga nefesh ɗinsa. Haka kuma a addu'ar Yunusa. Wato Ibraniyawa da kalma ɗaya su ke kiran hanyar da numfashi da abinci da murya su ke bi, da kuma ran mutum ɗungum. A wannan zabura ɗin, aya ta 3, mai addu'ar ya yi ta kira har maƙogwaronsa ya bushe. Littafi bai ɓoye cewa muryar tsarkaka nama ce ba. Manzo Bulus ya kira mu tukwanen ƙasa masu ɗauke da dukiya (2 Korantiyawa 4:7), maƙogwaro kuwa shi ne bakin tukunyar.

To, yaya nama irin wannan ya ke lalacewa? Manomin da ya riƙe ƙotar fartanya damina bayan damina, kanta ta kan fito masa a tafin hannu. Haka leɓunan murya: in ana buga su da ƙarfi kullum, wurin da su ke fi gwaruwa ya kan kumbura, daga baya ya taurare, ɗaya a dama ɗaya a hagun. Sa'an nan ba su iya haɗuwa sosai, iska ta riƙa zurarewa, murya ta fito a shaƙe. Mai ita kuwa sai ya ƙara matsa wuya domin ta fito, matsawar ta ƙara ciwon. Wannan kanta ta fi kama mata da yara masu yawan ihu, da malaman makaranta da mawaƙa. Masu wa'azi kuwa sun daɗe da ciwon murya, har likitocin Ingila na ƙarni na 19 suka laƙaba wa wani irinsa suna, ciwon maƙogwaron limaman kirista. Ƙurar hunturu, da hayaƙin murhu, da taba, da ƙwannafin da ke hawa da dare, duka suna ƙara wa wuta itace.

A nan akwai abin mamaki ga mai lura da harshe. Abin da Bahaushe ya ke kira gyaran murya, wato ɗan kakin nan da mutum ya kan yi kafin ya fara magana, shi ne ɗaya daga cikin masu ɓata ta, gama kowane kaki bugun leɓunan ne da ƙarfi. Kurɓin ruwa ya fi shi. Raɗa ma, wadda masu dishewar murya su ke zato hutu ce, sau da yawa ta kan sa wuya ya ƙara ɗaurewa. Gara mutum ya yi magana a hankali da muryarsa ta ainihi. Zuma da citta suna sanyaya maƙoshi, ba mu hana kowa ba, amma abin da aka haɗiye ta hanyar abinci ya ke wucewa, ba ya taɓa leɓunan murya. In ya taɓa su, shi ne mutum ya kan ƙware. Abin da ya ke kai gare su shi ne ruwan da jiki ya sha ya ƙoshi, da tururin ruwan zafi in an yi sirace. Belin da wanzami ya ke yankewa kuwa ba ruwansa da wurin da murya ta ke fitowa.

Abu ɗaya muna roƙonku ku riƙe ko kun manta da sauran. Muryar da ta dishe ta wuce mako uku ko huɗu ba ta komo ba, lalle likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba ta, balle in mai ita yana shan taba, ko yana tofar da jini, ko haɗiya tana yi masa wuya. Tarin tibi ya kan kama maƙogwaro. Jijiyar da ke motsa leɓunan ta kan sami rauni, wani lokaci bayan an yi wa mutum aikin maƙoƙo. Ciwon daji na maƙogwaro kuma sau da yawa da dishewar murya ya ke fara sallama, in kuwa an same shi da wuri ana warkar da shi. Wata biyar ɗin da ɗan'uwanmu ya yi yana tsotsar kanumfari, da wannan ciwo ne, da sun isa su raba shi da muryarsa har abada.

Yanzu mu komo ga ma'aikaciyar nan da kwalbarta. Masu wannan aiki ba su da yawa a ƙasar nan, galibi a manyan asibitocin koyarwa a ke samunsu. Ba su ba da ƙwaya, ba su yanka. Su kan saurari yadda mutum ya ke magana, su duba inda ya ke ɗaukar numfashi, da yadda ya ke ɗaure kafaɗu da muƙamuƙi. Sa'an nan su koya masa ya ja numfashi daga ciki, ya bar iska ta ɗauki nauyin da wuya ya ke ɗauka. Su kan sa shi ya rufe baki ya ce "mmm" har ya ji karkarwa a leɓe da hanci, ya riƙe wannan wuri ya fara sa kalmomi a kai. Su kan sa shi ya yi hamma ya saki murya tare da ajiyar zuciya, domin maƙogwaro ya saki. Wani likita mutumin Biyana, Emil Froeschels, ya koya wa marasa lafiya su yi murya suna motsa baki kamar masu tauna. A ƙasar Denmak, cikin shekarun 1930, Svend Smith ya shirya wata hanya inda a ke haɗa numfashi da murya bisa bugun ganga, daga baya Farfesa Nasser Kotby na jami'ar Ain Shams a Alƙahira ya yaɗa ta. Hura murya ta bututu cikin ruwa kuwa daga ƙasar Finlan ta fito, inda Antti Sovijärvi ya yi aiki da ita cikin shekarun 1960. Dalilinta shi ne, in an ƙuntata mafitar iska a baki, wani ƙarfin iskar ya kan koma baya ya tallafi leɓunan murya, su yi karkarwa ba tare da gwaruwa mai tsanani ba. Ana yin waɗannan abubuwa minti kaɗan, sau da dama a yini, har makonni ko 'yan watanni. Da haka kanta ta kan narke a wurin mutane da yawa ba tare da wuƙa ba. Ko an yi aiki da wuƙa ma, in mutum bai sake halin maganarsa ba, ta kan komo.

Kun karanta labarin Na'aman. Me ya fusata shi? Ya zo da dawakai da karusai da azurfa, yana sa ran annabi zai fito ya tsaya ya yi wani babban abu. Sai aka aiko masa da bawa, aka ce ya je ya yi wanka sau bakwai a wani kogi da ya raina. Barorinsa ne suka tuna masa cewa da abu mai wuya aka ce ya yi, da ya yi. Tun farko ma wata ƙaramar baiwa ce ta nuna masa hanya. Muna zaton da an ce wa ɗan'uwanmu ya yi azumin kwana arba'in, ko a tsaga wuyansa, da ya yarda da murna, ikilisiya kuma ta yaba ƙarfin halinsa. Abin da ya yi masa nauyi shi ne ƙanƙantar maganin da ƙuruciyar mai ba da shi. Ba mu ce wankan Urdun da hura bututu abu ɗaya ne ba. Ɗaya mu'ujiza ce, ɗaya kuwa horon jiki ne. Amma girman kan da ya tsaya a bakin kogin shi ne ya tsaya a bakin kwalbar.

Dattijon da ya ce addu'a kaɗai yana tuna Sarki Asa, wanda aka zarga domin cikin ciwon ƙafarsa ya nemi masu magani bai nemi Ubangiji ba (2 Tarihi 16:12). Ku duba surar duka. Asa ya riga ya dogara ga sarkin Suriya, ya jefa annabin da ya tsauta masa a kurkuku. Laifinsa barin Ubangiji ne. Annabi Ishaya da bakinsa ya faɗa wa Hezekiya cewa Allah ya ƙara masa shekara 15, shi ne kuma ya ce a shafa masa curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38). Bulus ya yi tafiya tare da Luka likita, ya kuma ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa. A kan wannan ba sai mun daɗe ba.

Maganar dattijo na farko ta fi nauyi, kada mu yi saurin ture ta. Akwai ayar da ta umarci annabi ya ɗaga murya kamar ƙaho (Ishaya 58:1). Akwai kuma bayin Allah da suka ƙone ransu kamar fitila. George Whitefield ya yi wa'azi a fili ga dubban mutane a Ingila da Amurka. Benjamin Franklin, da ya saurare shi a Filadelfiya, ya yi lissafi ya ce mutum fiye da 30,000 za su iya jinsa a lokaci ɗaya. A watan Satumba na 1770, yana fama da rashin lafiya, ya tsaya a fili ya yi wa'azi wajen sa'a biyu, kashegari da asuba ya mutu yana da shekara 55. Wane ne mu da za mu ce ya yi kuskure? Akwai ranar da bawan Allah zai ba da muryarsa, har da wuyansa. Yahaya Mai Baftisma, wanda ya kira kansa murya kawai, da wuyansa ya biya.

Amma mu bambanta abu biyu. Abin da aka ƙwace wa mutum sabili da Almasihu hadaya ce. Abin da ya zubar da hannunsa domin bai san yadda a ke riƙe shi ba, bayan kuwa an nuna masa, wannan ɓarna ce, ko da a cikin aikin Allah aka yi ta. Ba Hirudus ne ya shaƙe ɗan'uwanmu ba. Tsayawa kusa da injin niƙa ne, da ɗaure wuya, da rashin shan ruwa. Lissafin ma a fili ya ke: wata uku na ragewa yanzu, ko kuwa shekara goma sha biyar na wa'azin da ba wanda zai ji. Ubangijinmu da kansa, da taro ya yi yawa a bakin teku, ya shiga jirgi ya sa aka ɗan tura shi daga gaci, ya zauna ya koyar (Luka 5:3). Ezra ya hau dakalin itace da aka gina domin karatun Attaura, Lawiyawa kuma suna taimakonsa suna fahimtar da jama'a (Nehemiya 8). Charles Spurgeon ya yi wa mutum fiye da 23,000 wa'azi a wani babban zaure na London a 1857, ba lasifika, shi ne kuma ya keɓe darasi guda a kan murya domin ɗaliban makarantarsa. Ya hore su su yi magana da muryarsu ta kullum, su buɗe baki sosai, kada su yi ta ihu daga farko har ƙarshe. Har shawarar barin gemu ya ba su domin tsare maƙogwaro. Wannan kam mun bar wa kowa ya auna.

Yanzu za mu faɗi abin da ba zai yi wa wasunmu daɗi ba. Mai bisharan nan ba shi kaɗai ya kashe muryarsa ba, ikilisiya ta taya shi. Mu ne mu ke fita daga sujada muna cewa, "Yau kam Ruhu ya sauko," domin mai wa'azi ya yi tsawa har jijiyar wuyansa ta tashi. Wanda ya buɗe Maganar a hankali kuwa sai mu ce ya yi sanyi. Samari masu koyon wa'azi suna ji, suna gani, har wasu su kan shaƙe muryarsu da gangan domin su yi kama da manya. Yanzu da lasifika ta zo, da ma a ce ta hutar da maƙogwaro. Sai ga shi ana sa baki a kanta ana ƙara ihu. A kan Dutsen Karmel, su wane ne suka yi ta kururuwa tun safe har la'asar? Annabawan Ba'al ne, ba kuwa wanda ya amsa musu. Addu'ar Iliya ba ta wuce aya biyu ba (1 Sarakuna 18:36-37). A sura ta gaba, a Horeb, iska mai ƙarfi ta wuce, da girgizar ƙasa, da wuta, amma Iliya bai rufe fuskarsa ba sai da ya ji wata 'yar siririyar murya. Ishaya kuma ya ce Bawan Ubangiji ba mai kururuwa a titi ba ne (42:2). Ba mu hana ɗaga murya ba. Akwai wurinta, wanda ya ga gobara ba ya yin raɗa. Amma in wa'azi duka gobara ne, jama'a su kan daina juyowa.

Mun kuma bar masa kaya shi kaɗai. Yetro ya ga surukinsa Musa yana zaune tun safe har yamma yana shari'a, ya gaya masa zai gajiyar da kansa da jama'a duka, sai ya raba aikin (Fitowa 18). Cikin shekara ashirin, ashe ba a sami saurayi ɗaya da zai ba da waƙa ba? Ko kuwa ba a nema ba ne, domin akwai mai yi? Ku duba zumuntar mata kuma. Sau da yawa mace ɗaya ce ta ke ba da waƙa a kowane biki da kowace jana'iza, bisa ƙarar ganga da tulu da kacau-kacau, ga koyarwa a makaranta, ga kiran yara a gida. In muryarta ta dishe sai a ce ai haka muryarta ta ke. Ikilisiyar da ta ci amfanin murya, wajibi ne ta biya kuɗin mota zuwa asibiti, kada kuma ta rage wa ma'aikaci albashi cikin watannin da ya ke jinya.

Saura dattijo na uku da zancen Zakariya. Gaskiya ne an rufe bakin Zakariya domin bai gaskata mala'ika ba. Luka ya faɗa a sarari. Amma mala'ika ne ya faɗi dalilin. Mu ba a aiko mana da Jibra'ilu a kan ɗan'uwanmu ba. Ezekiyel ma an manne harshensa, ba kuwa domin laifinsa ba (3:26). Almajirai sun taɓa yin irin wannan tambaya a kan wanda aka haifa makaho, Ubangiji ya kawar da ita (Yahaya 9). Wanda ya ɗora wa mara lafiya zargi a kan ciwonsa ya bi sawun abokan Ayuba.

Duk da haka akwai abin koyo a gidan Zakariya. Firist ne, aikinsa da baki ne. Ya fito daga Haikali jama'a suna jira, bai iya ce musu kome ba. Ya yi wata tara da ɗoriya a haka. A cikin watannin nan Maryamu ta zo gidansa ta zauna wajen wata uku, Alisabatu ta cika da Ruhu ta yi magana, Maryamu ta yi waƙarta, firist kuwa yana gefe. Aikin Allah bai tsaya ba ko kwana ɗaya. Ran suna ma Alisabatu ce ta fara faɗin sunan yaron, shi kuwa ya tabbatar a kan allo. Muna tsammani wannan ne abin da ya fi ba kowane mai wa'azi tsoro, mu ma da mu ke rubutu ba mu fita ba: kada mu yi shiru a ga cewa ana iya yi ba tare da mu ba. Wani lokaci abin da mu ke kira kishin rayuka, in aka tone shi, a kan tarar da kishin matsayi a ƙarƙashi. Kowa ya binciki nasa, kada ya binciki na maƙwabcinsa.

Ɗan'uwanmu ya koma wurin ma'aikaciyar. Ba a ce ya yi shiru ɗungum ba, gama dogon shiru ba ya koya wa murya kome. An ce ya rage, ya sake hanya. Ya riƙa yin wa'azi ɗaya ran Lahadi, na minti ashirin, da moɗar ruwa kusa da shi. Wasu samari biyu suka ɗauki kasuwanni, ɗayansu ya yi ta tuntuɓe da farko. Bayan wata huɗu muryar ta komo, amma ba ta kai ta dā ba, waƙar sama kuma ta fi ƙarfinsa. Ya gaya mana wannan ya yi masa ciwo, har yanzu ma in an ɗauki wata waƙa ya kan ji hawaye. Da ya koma kasuwa ya bar gefen 'yan hatsi, ya sami gindin wata bishiya a bakin hanya, inda masu saurare su kan matso kusa.

Amma kada mu rufe darasi kamar kowace murya tana komowa. Akwai waɗanda ciwon daji ya sa aka cire musu maƙogwaron murya ɗungum. Theodor Billroth ne ya fara yin wannan aiki a Biyana a 1873. Irin waɗannan su kan yi numfashi ta wata 'yar ƙofa a gindin wuya. Masu horar da murya su kan koya wa wasu su tura iska cikin hanyar abinci su maido ta da ƙara kamar gyatsa, su sa kalmomi a kai. Wasu su kan dafa ɗan inji mai karkarwa a wuya. Tun 1980 kuma akwai ɗan bututu mai murfi da a ke sa wa tsakanin hanyar iska da ta abinci. Muryar da ta ke fitowa ba ta da daɗin ji, yara su kan yi dariya, manya su kan ƙosa su ƙarasa wa mutum maganarsa. Akwai kuma tsofaffi da muryarsu ta ke rawa, da waɗanda shanyewar jiki ta taɓa. A ran Ista na 2005 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, bayan an huda masa maƙogwaro domin numfashi, ya fito taga zai sa wa taro albarka, ya yi ƙoƙari murya ta ƙi, ya ɗaga hannu kawai. Kwana shida bayan haka ya rasu.

Hannatu ta yi addu'a a Shilo, leɓunanta suna motsi ba a jin muryarta. Eli firist ya ɗauka ta bugu. Allah kuwa ya ji (1 Sama'ila 1). Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. A wajen Allah dai ba abin da ya ragu. A wajenmu ne tambaya ta ke. Markus 7 ta ba da labarin wani kurma wanda magana ta ke yi masa wuya. Kalmar Helenancin da aka kira shi da ita ba ta sake fitowa ko'ina a Sabon Alkawari ba. Ku lura da abin da Yesu ya fara yi: ya janye shi daga taro, su biyu kaɗai, ya yi masa magana da yatsa da taɓawa, irin harshen da mutumin zai gane. Bai mai da shi abin kallo ba.

Ku tattauna wannan kafin ku tashi. In dattijon da ya shekara talatin yana yi muku addu'ar buɗe sujada ya komo daga asibiti da murya kamar gyatsa, za ku sake kiransa ya yi addu'ar? Wa zai jira ya gama? Mai jagorar taro ya ba wanda muryarsa ta fi ƙanƙanta a cikinku ya karanta Markus 7:31-37, sauran kuwa su matso da kujerunsu.